Fuska Biyu a Ɗakin Goro

Ina ɗan shekara goma sha tara aka damƙa mini kamarar ɗaukar fim, kuma har gobe ina ganin da gatari aka ba ni, da ɓarnar da na yi ba ta kai haka ba. A Paraku ne, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahome. 'Yancin kai bai tsufa ba, mu 'yan lise, wato makarantar sakandare, muna tafiya muna ɗaga kafaɗa kamar mu muka je muka karɓo shi. Gidanmu yana unguwar Lajifarani. Mahaifina goro yake saye yake sayarwa, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi, ni kuwa na riga na yanke wa kaina hukuncin cewa na fi ƙarfin goro.

Akwai wani malaminmu Bafaranshe, mushe muke ce masa kawai, wato yallaɓai da Faransanci, wanda duk ranar Alhamis da rana yake toshe tagogin aji da barguna ya nuna mana gajerun finafinai. Ba irin na gidan silima ba ne, inda ake dambe a ƙwato yarinya a tashi. Waɗannan ba kai ba gindi. Yaro zai buɗe ƙofa ya tarar da kansa a zaune yana jiransa, ko ka ga takalma suna tafiya ba ƙafa a ciki. Rabin aji barci suke yi. Ni kuwa abin ya kama ni, don a lokacin ni ma ban san ko ni wane ne ba: a lise Bature nake son zama, a gida kuma in durƙusa in gai da Baba. Da babban hutu ya zo, mushe ya ara mini tsohuwar kamararsa, mai hannu a gefe da ake yi mata wani kamar agogo, da naɗin fim guda uku, kowanne bai kai minti biyar ba, kuma ba ya ɗaukar murya. Ya ce in ɗauko masa mafarki, irin wanda ba mai iya ɗauka sai ni.

Hutun a Djougou na yi shi, garin da mu muke ce wa Zugu, a gidan gwaggona, yayar mahaifina. Mahaifiyata ma ta biyo ni don ta gai da dangi. Mijin Gwaggo shi ma ɗan goro ne, kuma ɗansu ɗaya tak, saurayi ɗan shekara goma sha shida. Taubashina ne ke nan, abokin wasana, wanda al'ada ta ba mu izinin mu yi wa juna tsiya ba mai cewa don me. Shi kuwa bai taɓa barin wannan izini ya kwana ba a yi amfani da shi ba. Ya ce da ni Bature mai baƙin wuya, ya ce wandona ya matse ni kamar an ɗaure huhun goro. Ya iya goro fiye da manya, da ƙanshi yake gane wanda zai yi tsutsa. Ga shi da alfahari da asali. In ya fara jero sunayen kakanni, fataken da suka sha tafiyar Gwanja, wane ya haifi wane, wane ne madugu, sai ka gaji ka ba shi haƙuri. Mutanen ƙauye da ke shigowa cin kasuwa kuwa ba ya ganinsu da gashi a ka.

Kasuwar Zugu kwana huɗu-huɗu take ci. Duk ranar kasuwa, tun hantsi, wata mata takan shigo gidan da ƙwaryar man kaɗe a ka. Daga ƙauyen Seru take tahowa a ƙafa, ƙafafunta jajur da ƙasar hanya. Bayoma ce, 'yar ƙabilar ƙauyukan wajen, ba ta jin Hausa sai ta ciniki, da Dandanci, yaren garin, suke magana da Gwaggo, shi ma ba ya wuce gaisuwa. Gidan nan take fara zuwa kafin ta shiga kasuwa, kuma Gwaggo ba ta taɓa barinta ta fita ba ta saya ba, alhali tukwane uku ne a ɗakinta cike da mai. Na taɓa tambayarta me za ta yi da shi haka. Ta ce, "Mai ba ya ruɓewa, ɗan nan. Je ka ka yi harkarka."

Taubashina kan tsaya a kan matar yana tsokanarta. "Iya ta Seru, yau ma duwatsu kika dunƙulo mana? Wannan ko akuya aka jefa da shi sai ta suma." Sai ta zaɓi ɗan ƙaramin curi, gyara, ta sa masa a tafin hannu, idonta a ƙasa. Ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube shi ba.

Shi na zaɓa ya zama yaron da ke mafarkin. Mun sha dariya a makonnin nan, kuma ba na so in manta da wannan. Na kifa kamara na ɗauke shi yana zubar da goro, don in an juya fim ɗin a ga goron yana tsalle daga ƙasa yana komawa hannunsa. Na sa shi ya yi tafiya da baya tun daga bakin rijiya har zaure. Na kifa masa ƙwarya a fuska ya zauna a tsakiyar tumaki. Muka binne madubin Gwaggo a cikin ganyen goro, ya tona ya tarar da idonsa yana kallonsa. Yana yi yana mita, wai in wannan ne ilimin lise to gara ya zauna da jahilcinsa, amma da asuba shi ke tashina ya ce rana za ta wuce mu.

A ɗan ramin leƙen kamara na fara lura. In ka rufe ido ɗaya ka leƙa da ɗayan, duniya takan ragu, sai ka ga abin da kullum kake kallo ba ka gani. Saman kunnensa na hagu a lanƙwashe yake kaɗan. Yana da wushirya. In ana yi masa magana yakan karkatar da kai dama kamar mai jin wani abu daga nesa. Ranar kasuwa na leƙa matar Seru tana sauraron Gwaggo, ɗankwalinta ya zame, sai na ga kunnen nan, na ga karkatar kan nan. Da ta buɗe baki ta amsa, na ga wushiryar.

Da yamma na sami mahaifiyata ita kaɗai na tambaye ta, cikin dariya ma. Ba ta yi dariya ba. Ta ja ni cikin ɗaki ta saki labule, sannan ta gaya mini. Mijin matar manomi ne da yake yi wa mijin Gwaggo dako in rani ya yi, ya rasu a hanya ya bar ta da jariri. Danginsa suka ce za ta koma hannun ƙanensa, wanda bai son ɗan. Gwaggo kuwa shekara goma sha biyu da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Matar da kanta ta goyo shi ta kawo. Aka yi magana a gaban manya: yaro ya zama ɗan gida, a raɗa masa suna, ba za a yi masa tsagen mutanensu ba, ba kuma wanda zai gaya masa. Ita kuwa ta roƙi abu ɗaya, a bar ta ta riƙa kawo mai ranar kasuwa. Ta rantse da abin da take bauta wa ba za ta taɓa kiransa ɗanta ba.

"Shekara goma sha shida gari guda yana riƙe da wannan magana," in ji mahaifiyata. "Kai ma ka riƙe. Bakinka ƙanin ƙafarka, ka ji ko?" Na ce na ji. Ta sa na rantse, na rantse.

To, ga inda ba ni da wurin ɓuya. Ban yi kuskure ba, ban manta ba, ba kuma tsautsayi ba ne. Na kwana biyu ina juya maganar, abin da kawai nake gani shi ne ga fim ɗina ya samu. Mushe ya koya mana wata dabara: ka ɗauki abu, ka mai da fim ɗin baya a cikin duhu, ka sake ɗaukar wani abu a kansa, sai hotuna biyu su narke cikin juna. Na ce wa kaina da baki na yi rantsuwa, kamara kuwa ba ta magana. Irin wannan wayo sai ɗan lise. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Na zana da'ira da gawayi a jikin katangar tsakar gida, daidai inda kai zai tsaya. Na zaunar da taubashina na ce ya dube ni kada ya yi dariya. Daga nan na shiga ɗaki na lulluɓa da bargo cikin zafin nan, ina gumi ina mai da fim baya da yatsa. Sai na jira ranar kasuwa. Na bari sai da Gwaggo ta leƙa maƙwabta, sannan na ce da matar ta zauna a nan, foto ne kawai. Ta ƙi, na nace, ta zauna don tana jin nauyin 'ya'yan gidan. Na gyara mata kai ya shiga da'irar. Na danna, kamara tana ƙara, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ƙi ɗagowa. Wanin kamarar yana ƙarewa, raina ya fara ɓaci. Sai taubashina ya shigo ta bayana da huhun goro a kafaɗa yana fito. Ta ɗago. Ina tsammanin ta ɗauka tunda akwatin kamarar ya rufe mini fuska ba mai ganinta. Ta dube shi, ta bi shi da ido har ya wuce, irin kallon da ban taɓa ganin an yi wa mutum ba. A raina na ce, alhamdu lillahi, na samu.

Aka aika fim ɗin Faransa ta gidan waya don a wanko, ya yi wata biyu ya dawo. Ni da mushe muka yanka muka liƙa, ya tashi minti bakwai. A ƙarshensa yaron yana kallonka, sai fuskarsa ta fara zama ta mace ba tare da ta daina zama tasa ba. Kunne ya hau kan kunne, ido ya hau kan ido, sannan idon ya ɗago. Mushe ya miƙe tsaye yana yabo da Faransanci, "Magnifique!" Ya tambaye ni wace ce matar. Na ce wata mai sayar da mai ce. Ranar ban taka ƙasa ba har na isa gida.

Bayan wata uku yayata ta haihu, mutanen Zugu suka cika kamyo, babbar motar kaya, suka zo suna. Taubashina ya riga ya baza wa kowa labari cewa ya zama ɗan silima, shi ya dame ni sai na nuna. Na aro injin nunawa daga mushe. Da safen ranar na zauna da almakashi a hannu. Wurin nan bai fi tsawon hannuna ba, yanka biyu da ɗan gam sun isa a fitar da shi. Na daɗe ina kallonsa ta hasken taga. Sai na ajiye almakashin, don in babu shi fim ɗin wasan yara ne, ni kuwa so nake a san na iya. Na kuma ce a raina, mutanen goro ne, ina za su gane.

Bayan azahar muka shiga ɗakin ajiyar goro na Baba, don shi ya fi duhu. Aka toshe taga da buhuna, aka jawo wayar kuran, wato lantarki, daga shagon telan da ke jikin gidanmu. Muka rasa farin ƙyalle, Gwaggo ta ce a ɗauko sabon mayafinta a akwati, tunda ɗanta za a nuna. Ni da shi muka kafa shi da ƙusa.

Da goro ya yi tsalle ya koma hannunsa ɗakin ya kece da dariya, wata tsohuwa tana salati tana cewa aljanu ne. Da ya zauna cikin tumaki da ƙwarya a fuska, mijin Gwaggo ya ce yau ya ga ɗansa a cikin 'yan'uwansa. Shi kuma yana gefe yana ta bayani, wai ni ba abin da na iya, shi ya koya mini komai. Sai fuskarsa ta cika mayafin. Sai ɗayar ta fara fitowa daga cikinta.

Shi ya fara dariya. "Kai, Bature, Allah ya isa! Iya ta Seru ka haɗa ni da ita?" Ya juya yana neman wanda zai taya shi. Ba wanda ya taya shi. Manya fiye da goma a ɗakin, ba wanda ya ko yi tari. Fim ya ƙare, wutsiyarsa tana bugun inji, farin haske ya zauna a kan mayafi, a cikinsa na ga Gwaggo ta sa fuskarta a tafin hannu. Da sun yi dariya da ya wuce. Shirun ne ya gaya masa.

Ya ce da Gwaggo, "Inna, mene ne?" Ya dubi ubansa, uban ya dubi ƙasa. Sai ya ce da ni, a hankali, "Sake sawa." Baba ya ce a bari. Ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, a sake sawa." Na mayar. Wannan karon a tsaye ya kalla, dab da mayafin, inuwarsa ta rufe rabi. Da idon matar ya ɗago, na ga ya kai hannu ya taɓa kunnensa na hagu. Sai ya fita. Mahaifiyata ba ta zage ni ba, ba ta mare ni ba. Ta dai tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ai ka rantse." Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Sauran labarin daga baya na ji shi. Da suka koma Zugu taubashina ya tafi Seru a ƙafa, ya sami matar a gindin kaɗanya tana tsintar 'ya'ya, ya tambaye ta. Ta riƙe rantsuwarta. Ta ce ita ba ta san shi ba sai a gidan da take kai mai. Ya dawo gida, Gwaggo ta gaya masa gaskiya tana kuka. Ya zama wadda ta haife shi ta ce ba nata ba ne, wadda ta raine shi ma ta ce ba ita ta haife shi ba. Ya daina jero sunayen kakanni. Ya daina zama a rumfar goro, don ya gane duk wanda yake yi wa alfahari a kasuwar ya san abin da shi bai sani ba. Matar kuma ta daina zuwa gidan, kunya ta hana ta.

Kafin damina ta sauka ya zo Paraku zai hau jirgin ƙasa zuwa Kwatano, babban birnin bakin teku. Bai biyo gidanmu ba. Wani ɗan unguwar Titiru da muke aji ɗaya ne ya gan shi a tasha ya gaya mini, na ruga. Yana zaune a kan ƙullin kayansa. Na jawo tsohon wasanmu, na ce ina ɗan ƙauye zai je da wannan ƙunshi kamar mai tallan daddawa. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Taubashi ai ɗan gwaggo ne. Ni ba ɗan gwaggonka ba ne. Wasa ya ƙare." Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ka sani kafin ka ɗauka?" Na ce na sani. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki kayansa ya shiga.

Ranar na dawo gida na ɗauko fim ɗin, duka minti bakwai ɗin, da guntayen da muka yanke, na cusa a murhun mahaifiyata. Ya yi ta narkewa yana wari. Na ji wani sanyi a raina, kamar na biya wani abu. Na mayar wa mushe kamararsa, ban sake taɓa wata ba. A ganina na hukunta kaina ke nan, har ina jin daɗin cewa ni mai tuba ne.

Sai bayan shekara biyu na iya komawa Zugu. Gwaggo ta rame, ta karɓe ni, ta ba ni abinci, ba ta ɗaga maganar ba. Tukwanen mai suna nan a ɗakinta, biyu sun ƙare. Wasiƙa ɗaya taubashina ya aiko mata daga wani gari a bakin teku, ba adireshi. Ranar kasuwa na shiga sayo mata barkono, sai na ji an taɓa mini gefen riga. Matar Seru ce, da ƙwaryarta a ƙasa. Na shirya jin zagi, na ma so ta zage ni a gaban mutane.

Ta gaishe ni da Dandanci, ta tambayi mutanen Paraku. Sannan ta rage murya, ta haɗa da 'yar Hausarta ta ciniki. "An ce yana cikin akwatinka. An ce yana tafiya, yana dariya." Na ce haka ne. Ta ce, "Ba na son komai. Ka nuna mini sau ɗaya. Ko Paraku ne zan zo, na tara na mota."

Ban taɓa tunanin wannan ba, ko sau ɗaya. Ita da ke cikin fim ɗin ba ta taɓa ganinsa ba. Shekara goma sha shida tana tahowa daga Seru a ƙafa don ta saci kallonsa, na raba ta da wannan, abu ɗaya da ya rage a duniya da za ta gan shi a ciki kuma na ƙona don in ji sanyi a raina. Na ce mata babu, na sa a wuta.

"Duka?" Na ce duka. Ta karkatar da kai dama, ta daɗe a haka. Sannan ta durƙusa ta zaɓi ɗan ƙaramin curi, ta naɗe a ganye, ta sa mini a tafin hannu, idonta a ƙasa. Ta ce, "Yana yin faso in sanyi ya shigo. In ka sami mai zuwa can, ka ba shi. Kada ka ce daga wa."

Taubashina ya dawo Zugu bayan shekaru masu yawa, Gwaggo ta gan shi kafin ta rasu. Matar Seru ba ta kai lokacin ba. Curin kuwa ban sami mai zuwa ba, ya zauna a cikin akwatina har zafi ya narkar da shi ya ɓata mini littattafai.